Mun Sayo Dokin, Mun Baro Littafinsa

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar masu dawaki ya san yadda hirar take gudana. Wannan ya ce dokinsa ya ɗauko kofi a Bida, wancan ya ce ai nasa ne ya bar shi da ƙura a Kano bara waccan, na uku kuma ya rantse cewa uban dokinsa a jirgin sama aka sauko da shi daga Afirka ta Kudu. Ba mai takarda a hannu, ba wanda ya riƙe agogo ranar da aka yi tseren. Hausawa sun daɗe da yanke wa irin wannan hira hukunci, da suka ce dokin mai baki ya fi gudu.

Yanzu kuwa maganar ta wuce hira, don kuɗi sun shiga ciki. Attajirai da masu sarauta suna shigo da dawakin tsere jinin Ingila, waɗanda Turawa ke kira Thoroughbred, a kan farashin da zai gina gida. A can inda suka fito, doki ɗaya kan bar tarihin da ake karantawa shekara ɗari biyu bayan mutuwarsa. A nan sai ya yi tsere uku ko huɗu, a yi ta shewa, daga nan a daina jin ɗuriyarsa. In ka tambaya a ce maka ya yi ciwo, ko an sayar da shi, ko ya mutu da damina. Me ya jawo haka? Dokin ne ba ya karɓar ƙasarmu, ko kuwa akwai wani abu da muka baro a can?

Shi wannan doki ba ma asalin Ingila ba ne ta wajen uba. Ingarmu uku aka kai can daga ƙasashen Turkawa da Larabawa. Na farko shi ne Byerley Turk, wanda wani hafsan soja ya hau a fagen yaƙi a 1690. Na biyu Darley Arabian, wanda aka sayo a birnin Halab na Siriya a 1704. Na uku Godolphin Arabian, wanda ya biyo ta Tunisiya da Faransa ya isa Ingila wajajen 1729. Aka yi ta haɗa su da zuri'arsu da goɗiyoyin ƙasar, ana ware mai gudu ana barin mai nawa. A 1791 wani mutum mai suna James Weatherby ya buga littafin nasabar waɗannan dawaki, kuma daga wannan littafi jinsin ya tsayu. Har gobe doki ba ya shiga cikinsu sai uwarsa da ubansa suna rubuce. Ba a yarda da barbarar da likita ke yi da allura ba, dole ingarma ya hau goɗiya, a rubuta ranar, in an haifi duƙushi a gwada jininsa ko gashinsa a tabbatar da iyayensa, a dasa masa 'yar na'urar shaida a wuya. Ta wani gefen ma dangin namu ne na nesa, tun da dawakin ƙasar Hausa da Barno su ma daga Arewacin Afirka da Dongola ta Sudan kakanninsu suka biyo fatake.

A ɗauki doki ɗaya a bi rayuwarsa daga turke zuwa turke, za a fi gane abin da nake nufi. Frankel nake so mu duba, don shi ne wanda masana da yawa ke cewa ba su ga kamarsa ba a wannan zamani, kuma mai shi a lokacin da yake tsere Musulmi ne, marigayi Yarima Khalid bin Abdullah na Saudiyya. An haife shi a Ingila ranar 11 ga Fabrairun 2008. Ubansa Galileo, uwarsa Kind, kuma in ka bi salsalar uban za ka ratsa ta Northern Dancer, ka isa ga Eclipse da aka haifa a 1764 wanda ba a taɓa cin sa a tsere ba, ka tsaya a kan wancan dokin na Halab. Shekara ɗari uku ke nan, uba bayan uba, kowanne da sunansa da shekarar haihuwarsa. Mutane nawa ne a cikinmu za su iya jero kakanninsu haka?

Aka damƙa shi ga mai horarwa Henry Cecil a garin Newmarket. Ya fara tsere a watan Agustan 2010 yana ɗan shekara biyu, ya yi huɗu a wannan shekara ya cinye duka. Da ya shiga shekara uku aka sa shi a babban tseren da ake kira 2000 Guineas, mai nisan mil ɗaya, wato mita 1,600 da 'yan kai. Al'adar mahaya a irin wannan tsere ita ce a ja linzami a farko, a ajiye ƙarfin doki sai an hango ƙarshe. Shi kuwa tun daga buɗe ƙofa ya fice, kafin a kai rabi ya ba sauran rata mai nisa, har masu kallo suka ɗauka zai sare. Bai sare ba, ya ci da ratar tsawon doki shida. A 2012 ya ci wani a Ascot da ratar tsawon doki goma sha ɗaya, sannan aka ƙara masa nisa zuwa mita dubu biyu da wani abu a garin York don a ga ko numfashinsa zai kai, ya kai. Ya yi tserensa na ƙarshe a watan Oktoban 2012. Tsere goma sha huɗu, nasara goma sha huɗu, goma daga ciki a ajin ƙoli, kuma mahayi ɗaya ne, Tom Queally, ya hau shi a dukansu. Henry Cecil yana fama da ciwon daji a duk tsawon wannan lokaci, ya rasu a watan Yunin 2013.

In aka haɗa mintocin da Frankel ya yi yana gudu a gaban jama'a, duka-duka ba su kai rabin awa ba. Kuɗin da ya ci a fili fam miliyan uku ne saura kaɗan. Amma da aka mai da shi turke don barbara a 2013, fam 125,000 ake biya kan kowace goɗiya, kuma fiye da ɗari ake kawo masa a shekara. Abin da ya samo a shekararsa ta farko a turke ya ninka duk abin da ya ci a fili sau da yawa. Zuwa 2024 kuɗin ya kai fam 350,000. Ɗansa Adayar ya ci tseren Derby na Epsom a 2021, 'yarsa Alpinista ta ci babban tseren Faransa a birnin Paris a 2022. Wato shi tsere a wurinsu jarrabawa ce. Ana yin sa ne don a san wane jini ya cancanci a yaɗa, kuma jarrabawar da ba a rubuta sakamakonta ba ba ta da amfani ga kowa.

Don haka komai nasu a ƙayyade yake. Duk dokin da aka haifa a arewacin duniya ana ƙara masa shekara ranar 1 ga Janairu, na kudanci kamar Afirka ta Kudu da Ostareliya ranar 1 ga Agusta, don kada a yi gardamar shekaru. 'Yan shekara biyu da ajinsu, 'yan uku da nasu. Ana auna mahayi da sirdinsa kafin tsere, a sake auna shi bayan an gama. Ana ɗibar fitsarin wanda ya ci a gwada ko an ba shi ƙwaya. Mai doki ya san ranar kowane babban tsere tun shekara guda kafin ya zo, don haka ya san lokacin da zai matsa wa dokinsa da lokacin da zai bar shi ya huta.

Ba na cewa abin nasu ba shi da muni. An tace jinin nan don gudu har ƙafafun suka zama sirara a ƙarƙashin jiki mai nauyin kilo ɗari biyar, yana tafiyar fiye da kilomita sittin a awa. A 2008 wata goɗiya mai suna Eight Belles ta zo ta biyu a tseren Kentucky Derby na Amurka, tana wuce layi ƙafafunta na gaba biyu suka karye, a nan cikin fili aka yi mata allurar mutuwa. Kuma a bayan kowane Frankel akwai dubban dawakin da ba su taɓa cin komai ba, waɗanda ake dandaƙewa a sayar da arha, wasu ma su ƙare a mahauta. Daga cikin irin waɗannan da aka gaji da su ne ake samun wasu da ke faɗowa kasuwannin Afirka da sunan zakaru.

To, mu dawo gida. Kaduna ba baƙuwar doki ba ce. Da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, filin sukuwa da na ƙwallon doki suna cikin abubuwan da suka fara shatawa. An kafa kulob ɗin ƙwallon doki na Kaduna a 1918, kuma tun 1919 ake fafatawa a kan kofin Georgian. A filin sukuwar Kaduna sarakunan Arewa suka yi wa Sarauniyar Ingila hawan daba a watan Fabrairun 1956, aka sake tara dubban dawaki a garin lokacin bikin FESTAC a 1977. Yau wannan fili shi ne Dandalin Murtala, sukuwar ta rage a sunan titin da ke gefensa kawai. Haka aka yi wa na Legas, wanda ya koma Dandalin Tafawa Balewa. Kano ce ta riƙe nata.

Abin lura shi ne ƙwallon doki bai mutu ba a Kaduna, ƙaruwa ma ya yi, har aka buɗe filin Fifth Chukker a Kangimi kan hanyar Jos. Dawakin da ake buga shi da su, musamman na Ajantina, da yawansu akwai jinin Ingilan nan a jikinsu, kuma suna rayuwa suna aiki shekara da shekaru a wannan iska tamu. Me ya raba su da na sukuwa? Kulob, da kofi mai suna, da lokacin gasa da kowa ya sani, da matakin kowane ɗan wasa a rubuce. Gidan sarautar Katsina, tun daga Sarki Muhammadu Dikko zuwa Usman Nagogo da Muhammadu Kabir, sun karɓi wasan tare da ƙa'idojinsa, shi ya sa har yau ake iya faɗin matakin da Nagogo ya kai ba tare da musu ba. Sukuwa ba ta samu wannan gata ba.

Kuma duk abin da na lissafa na Kaduna a arewacin kogin garin yake. Wanda ya haye gada ya nufi kudu ya shiga wata Kadunar, ta tashar jirgin ƙasa da masana'antu: masaƙar KTL da aka buɗe a Kakuri a 1957, kamfanin ƙera makamai na 1964, na haɗa motocin Peugeot na 1975. Garin leburori ne da ma'aikata daga kowace kusurwa ta Najeriya, ba a tanadar wa doki ko taku ɗaya ba a cikin tsarinsa. Duk da haka akwai dawaki a Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa, na hawan sallah da za a kai Zariya, na hawan angwanci, da na haya.

Ka leƙa irin wannan barga da sassafe. Rumfar kwano ce a bayan gida, an ɗaure ingarma da ƙafa a turke, gabansa dami guda na harawa da bahon dusa da aka jiƙa da ruwan kanwa. Yaron barga ya kwashe kashin ya tara gefe, ya kawo bokiti ya wanke shi, ya bi kofato ɗaya-ɗaya da tsinke yana ciro tsakuwa, ya duba cikin kunne da gindin wutsiya ko kaska ta kama. Da magariba a hura wuta da ɗanyen ganye don hayaƙi ya kori ƙwari. Wannan yaro ya san dokinsa ciki da bai, daga yadda ya ajiye kunne zai gaya maka ba ya jin daɗi. Ranar Lahadi da yamma kuma shi ne zai ɗaura sirdi a fita kilisa. A ina? A kan kwalta, tsakanin Keke Napep da 'yan acaɓa, kofato na zamewa, yara na bi da ihu, mai tuƙa mota na zagi. Dokin gida yana jure wannan rayuwa, don a cikinta kakanninsa suka tashi. Jinin Ingila ba zai jure ba. Shi a ɗaki ake sake shi ba a ɗaure ƙafa, abincinsa a aune sau uku ko huɗu a yini, gudunsa a kan ƙasa mai laushi da aka share aka yayyafa wa ruwa. Ka sa shi sukuwa a kan kwalta, jijiyar ƙafarsa ce za ta fara tafiya.

Sai kuma cuta, wadda ita ce babbar mai yanke wa baƙon doki hanzari. Akwai cutar dawakin Afirka da wasu ƙananan ƙwari masu cizo da almuru ke yaɗawa, ta fi tsanani da damina da bayanta. Doki ya yi zazzaɓi, saman idanunsa su kumbura, numfashi ya gagara, kumfa ta fito ta hanci. A cikin dawakin da ba su taɓa haɗuwa da ita ba takan kashe har tara cikin goma, alhali na gida sukan fi jure mata. Akwai rigakafi, amma sai an yi shi a kan lokaci kuma an ajiye maganin cikin sanyi, abin da ke da wuya a inda wuta ke zuwa da tafiya. Ga zazzaɓin da kaska ke sawa. Ga sammore da tsando ke ɗauke da shi a kurmin bakin kogi, wanda tun zamanin da shi ne ya hana rundunonin dawaki nutsawa kudu, kuma saboda shi aka kafa cibiyar bincike a nan Kaduna a 1951. Ga ciwon ciki, wanda canjin abinci kawai kan tayar, ya kashe doki a dare ɗaya. Muna da cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom tun 1924 da tsangayar likitan dabbobi a Zariya, amma likitan da ya ƙware a kan ƙafar dokin tsere ƙalilan ne.

Wannan cuta ta dawakin Afirka tana da wata illar da ba a cika magana a kai ba. Saboda tsoronta, ƙasashen Turai da na Larabawa ba sa karɓar doki kai tsaye daga inda take. Ko Afirka ta Kudu, da duk tsarinta, ta shafe shekaru tana bi da dawakinta ta tsibirin Morishiyas su yi watanni a killace kafin su wuce. Ma'ana, dokin da ya shigo Najeriya ya shigo ke nan. Ko ya fi iska gudu ba zai je Dubai ya gwada ba, kuma 'ya'yan da ya haifa a nan, tun da ba a rubuta su a littafin da duniya ta sani ba, ba su da daraja a kasuwar waje.

Saura maganar wanda zai biya. A Ingila tun 1961 doka ta sa ana yankar wani kaso daga kuɗin masu caca ana zuba wa harkar tsere. Wannan hanya a rufe take a gare mu, kuma daidai ne ta zauna a rufe. Amma tseren kansa ba haramun ba ne. Ya tabbata a hadisin Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah (SAW) ya sa an yi tseren dawaki a Madina, ya ware waɗanda aka horar ya ba su nisa mai tsawo, waɗanda ba a horar ba ya ba su gajere. Rarraba aji ke nan tun kafin a san Newmarket. Malamai kuma sun halatta kyautar da wani na gefe ya sa. A kan haka Dubai ta fara gasarta ta duniya a 1996, Saudiyya ta fara tata a 2020 da kyautar dala miliyan ashirin, ba tare da rumfar caca a fili ba. Mu ma a nan haka ake yi daidai ƙarfinmu. Ana haɗuwa a Bida ƙarƙashin Etsu Nupe Alhaji Yahaya Abubakar, ana yi a Kano da Katsina da Sakkwato, dawaki na zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru da Burkina Faso, an kuma raba su aji-aji: na Arewa, na Talon, na Sudan, da jinin Ingila. Ana raba motoci da babura da tsabar kuɗi. Matsalar ita ce gasar ta rataya a wuyan mutum ɗaya, sarki ko gwamna ko attajiri. In ya samu hali a yi, in hankalinsa ya koma wani wuri a ɗage.

Na san akwai masu cewa a bar mu da namu salon. Sukuwa a wurinmu nishaɗi ce da zumunci, tarihin doki kuma yana bakin maroƙa da masu kirari, ba sai an kwaikwayi Bature ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba na fatan ranar da za a yi tsere ba kalangu ba algaita. Amma maroƙi wanda ya ba shi yake wasawa. Kuma rashin rubutu shi ke buɗe ƙofar ƙorafin da ake ji bayan kusan kowace gasa: an canja wa doki suna an dawo da shi a matsayin sabo, an sa ruwa-biyu a ajin dawakin gida, an rage masa shekaru tun da haƙori kawai ake dubawa. Mai gaskiya shi ke cutuwa, kuma mai kiwon da ke ƙauye, wanda ya haifar da dokin da ya ci, ba ya samun ko sisin ƙari a kan ƙannensa, don ba mai iya tabbatar da cewa uwarsu ɗaya.

Ni a ganina an fara ginin daga sama. Kafin a ƙara sauko da wani jinin Ingila, dokin Arewa ya kamata a fara buɗe wa littafi: sunansa, launinsa, akawal ne ko kili ko bidi ko danda, uwarsa da ubansa, garin da aka haife shi, da sakamakon duk tseren da ya shiga tare da lokacin da agogo ya nuna. Maroko ta yi wa dawakinta na Barb da na Larabawa haka, ta kafa hukumar da ke kula da nasabarsu da tserensu a 2003, ga shi suna da kasuwa. Aikin bai fi ƙarfin kwamfuta ɗaya da likitan dabbobi da yardar sarakuna ba. Wanda kuma ya riga ya sayo na waje, ya nemi takardunsa daga hannun dillali, ya yi masa rigakafi kafin ruwan farko, ya sa wa ɗakinsa raga.

Ita kuwa Kaduna, abin da ta rasa fili ne. Arewacin kogi ya cika, amma a kudu akwai harabobin masaƙun da suka rufe tun shekarun 2000 ciyawa na cinye su, akwai kuma sarari ta wajen hanyar Abuja da ta Kachia. Da'irar mita 1,600 ta ƙasa mai laushi, da shinge, da rijiyar burtsatse, da ranakun gasa huɗu a shekara waɗanda ba sa motsi ko wa ke kan mulki, sun isa a fara. Gwamnatin jiha da masarautar Zazzau da masu dawakin Kakuri da Makera su zauna su fitar da wannan fili, ko don a sauke yaran nan masu kilisa daga kan kwalta kafin mota ta kashe wani.